Ba Kowace Zubar Fitsari Ce Yoyon Fitsari Ba: Sharhi Kan Kuɓucewar Fitsari da Saukowar Mahaifa

A ƙasar Hausa, da zarar an ce wance tana zubar da fitsari ba da sonta ba, hankalin mai sauraro yakan tafi wuri guda, wato ciwon yoyon fitsari da doguwar naƙuda ke haddasawa, sai a fara maganar kai ta Babbar Ruga a Katsina, ko cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, ko Ningi, ko Danja kusa da Maraɗi. Wannan wayewar ba a banza aka same ta ba. Tun farkon shekarun 1980, lokacin da likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga don aikin kuturta sannan ya koma ɗinke matan da naƙuda ta huda wa mafitsara, ake ta faɗakarwa a rediyo da asibitoci har sunan ciwon ya shiga bakin kowa. Sai dai sunan ya yi girman da ya rufe wasu larurorin da suka fi shi yawa nesa ba kusa ba. Matar da fitsari ke kuɓuce mata idan ta yi atishawa, da wadda ba ta iya kaiwa ban-ɗaki idan ya matse ta, da wadda take jin wani abu kamar ƙwai yana leƙowa ta gabanta da yamma bayan ta wuni a tsaye, duk ba huda gare su ba, kuma da yawansu ba su taɓa gaya wa kowa ba, ko dai don tsoron a laƙaba musu sunan da ke kashe aure, ko don sun ɗauka abin da haihuwa da tsufa suka gada ke nan.

Jiƙewar zane alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma a bayanta akwai sababai daban-daban waɗanda maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya, wani lokaci ma yakan ta'azzara shi. Ƙwayar da ke kwantar da mafitsara mai gaggawa, idan aka ba wadda mafitsararta ba ta juyewa gaba ɗaya, ƙara toshe ta za ta yi. Tiyatar da ke tallafe wuyan mafitsara ba a yi ta don fitsarin da ke zuwa da matsuwa ba. Saboda haka duk mai son fahimtar lamarin, sai ya fara da sanin yadda aka gina wurin.

Ƙugun mace kamar kwano ne na ƙashi wanda ba shi da gindi. Abin da ya rufe gindin wata shimfiɗar tsoka ce da ta taso daga ƙashin mara a gaba ta je ta kama ƙarshen ƙashin baya, kuma ƙofofi uku ne suka ratsa ta, hanyar fitsari da farji da dubura. A kan wannan shimfiɗa mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji suke zaune, sannan daga sama da gefe akwai jijiyoyi da tantani masu kama da igiya da suka riƙe bakin mahaifa da bangon farji suka ɗaure su a jikin ƙashi. Wanda ya san ƙwaryar nono a ragaya zai gane tsarin, in ya ƙaddara cewa an tara wa ƙwaryar wani abu a ƙasa wanda shi ne ke ɗauke da nauyinta, igiyar kuwa aikinta kawai ta hana ta karkata. Muddin tsokar tana da ƙarfi, igiyoyin hutawa suke yi. Ranar da tsokar ta yage, ko jijiyar da ke ba ta umarni ta raunana, sai nauyin duka ya koma kan igiyoyin, su kuwa ba a halicce su don ɗaukar kaya dare da rana ba, sai su riƙa miƙewa a hankali har su saki. Shi ya sa ɓarnar da ta auku a haihuwar fari take iya ɓoyewa shekara 20 ko 30 kafin ta bayyana, kuma shi ya sa kuɓucewar fitsari da saukowar mahaifa suke yawan haɗuwa a jikin mace ɗaya, tunda gindi guda suka dogara a kai.

Ita mafitsara jaka ce ta tsoka mai ɗaukar mililita 400 zuwa 600, kusan cikin ledar fiya-wata guda, kuma ladabinta shi ne ta saki jiki tana cika, ba za ta matse ba sai ƙwaƙwalwa ta ba ta izini. Hanyar fitsarin mace tsawonta kamar santimita 4 ne, ta namiji kuwa ta kai kusan 20. Rufewar wannan gajeriyar hanya ta dogara ne ga zoben tsokar da ke kewaye da ita, da kuma bangon farji na gaba wanda take kwance a kai. Idan mace ta yi tari, matsin cikinta yana danne hanyar a kan wannan bango sai ta rufe, kamar yadda ake taka tiyon ruwa a kan daɓen siminti ruwan ya tsaya cak. Idan kuwa tiyon a kan taɓo yake, ko an taka shi nutsewa zai yi, ruwa ya ci gaba da wucewa.

Wannan shi ne nau'i na farko, kuma mafi yawa, wato kuɓucewar da ke zuwa da yunƙuri: tari, atishawa, dariya, ɗaga bokiti, miƙewa daga sujada. Fitsarin yawanci ɗan kaɗan ne, yana fita daidai lokacin yunƙurin, ba ya zuwa da jin matsuwa, kuma da wuya ya jiƙa mace tana barci. Nau'i na biyu ya sha bamban, domin ƙofar lafiyarta ƙalau, jakar ce ta rasa ladabi. Tana matsewa da kanta tun ba ta cika ba, sai mace ta ji fitsari ya kama ta farat ɗaya, ta ɗauki buta a guje, kafin ta tsuguna ya zubo da yawa. Masu irin wannan sukan ce ƙarar famfo ko taɓa ruwan sanyi a alwalar asuba yana tayar musu da shi, kuma sukan tashi sau biyu ko uku ko fiye a dare. Da yawa suna da nau'o'in biyu a gauraye. Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Norwe, aka wallafa a 2000 bayan an tambayi mata kusan 28,000, ya gano cewa kashi 25 cikin 100 suna fama da kuɓucewar fitsari, kuma a cikinsu rabi na yunƙuri ne, kashi 36 gauraye, kashi 11 na matsuwa zalla. Waɗannan fa mata ne da ke haihuwa a asibiti, 'ya'ya biyu ko uku, ba sa daka ba sa jan ruwa a rijiya.

Nau'i na uku shi ne tumbatsa, inda mafitsara ba ta juyewa, ko don wani abu ya toshe hanya ko don tsokarta ta yi sanyi, kamar yadda ake gani a masu ciwon suga da ya daɗe da masu rauni a lakar baya, sai ta cika ta batse tana ɗiga kaɗan-kaɗan. Yana kuma samun dattawan maza idan ƙullutun da ke ƙasan mafitsara, wanda likitoci ke kira furostet, ya kumbura. Akwai kuma tsohuwar da mafitsararta ba ta da laifin komai, gwiwa ce ta ƙi, ban-ɗaki kuma yana can ƙarshen gida babu fitila, wadda maganinta fo ne a gefen gado. Sai yoyon fitsari na ainihi, wanda alamarsa ba ta ɓuya: zuba ce ba ƙaƙƙautawa, dare da rana, a tsaye da a kwance, wadda ta fara 'yan kwanaki bayan naƙuda mai wuya, ko bayan tiyata, ko bayan yankan gishiri.

Babban abin da ke raunana gindin ƙugu shi ne haihuwa. Lokacin da kan jariri ke ratsowa, wani sashe na tsokar yana miƙewa fiye da ninki uku na tsawonsa, kuma a wasu matan yakan ɓalle daga jikin ƙashi ba tare da an ga jini ko yagewa a waje ba. Girman jariri, da daɗewa ana nishi, da jawo kai da ƙarfe, duk suna ƙara haɗarin. Amma ba fitowar jariri kaɗai ba ce, shi kansa cikin yana da nasa kason. Binciken na Norwe ya sake nuna a 2003 cewa kuɓucewar fitsari tana samun kusan kashi 10 na waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kashi 16 na waɗanda aka yi wa tiyata aka ciro ɗa, da kashi 21 na waɗanda suka haihu da kansu, wanda ke nufin tiyata tana rage haɗarin amma ba ta kawar da shi. Idan aka ɗora wannan a kan yankin arewa maso yammacin Nijeriya, inda ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna matsakaicin haihuwar mace ya kai 6.6, kuma a faɗin ƙasar kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, za a ga cewa tsokar ba ta samun sararin warkewa tsakanin goyo da ciki. Sannan akwai abubuwan da ake yi a ɗakin haihuwa da kyakkyawar niyya amma suna ɓarna, kamar a ce wa mai naƙuda ta yi ta nishi tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, ko a hau cikinta ana dannawa, ko a sayo allurar naƙuda a kemis a yi mata a gida. A nan ya kamata a yaba wa wata al'ada tamu, ta mai jego ta tafi gida wanka ko a kawo mata tsohuwa ta ɗauke mata aiki har arba'in, domin hutun nan daga daka da surfe da ɗaukar tulu shi ne ainihin abin da gindin ƙugu ke buƙata, kuma matan da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda talauci ko rashin mataimaki ya mayar da su bakin turmi tun ba a yi suna ba.

Bayan haihuwa sai duk wani abin da ke danna ciki ƙasa kullum: ƙiba, tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa irin na asma ko tarin fuka ko hayaƙin murhu, taurin bayan gida da ke sa a daɗe a tsugune ana yunƙuri, da ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru. Ɗaukewar al'ada tana rage sinadarin da ke sa fatar farji da hanyar fitsari su yi kauri da laushi. Akwai kuma gado, domin wasu matan tantaninsu tun asali mai saurin saki ne, har a ga wadda ta haifi goma tana garau, ƙanwar kishiyarta mai biyu kuwa mahaifa ta sauko. Ita kuwa mafitsara mai gaggawa tana da nata masu tsokanar, ciwon sanyin mafitsara, tsakuwa, tsargiya a garuruwan da ake wanka da wanki a rafi da dam, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari, da kuma shayi da kofi da goro, waɗanda duk sinadari ɗaya ne a cikinsu mai zaburar da ita.

Saukowar mahaifa, a haƙiƙa, 'yar'uwar gwaiwa ce, wato kayan ciki ne suke turowa ta wurin da bango ya yi rauni. Ba kullum mahaifa ce ke saukowa ba, ko da yake haka ake kiran abin. Mafi yawa bangon gaba ne ke lotsowa da mafitsara a bayansa, wani lokaci bangon baya ne da ƙarshen hanji, wani lokaci mahaifar ce da kanta, kuma ko wadda aka cire wa mahaifa rufin farjinta yana iya saukowa. Tun 1996 likitoci suke da ma'auni guda na auna shi da santimita daga bakin farji, mataki na 1 yana can ciki, na 2 ya iso daidai baki, na 3 ya wuce waje, na 4 kuwa komai ya juyo. Mace takan ji nauyi ko ja a mara wanda ke ƙaruwa da yamma ya lafa idan ta kwanta, wata sai ta sa yatsa ta tura abin ciki kafin fitsari ko bayan gida ya fita. Ba ciwon daji ba ne, kuma mataki na ƙasa wanda ba ya damun mai shi ba ya buƙatar magani. Wanda ya daɗe a waje ne ke gogar zane har ya yi gyambo, kuma na ƙarshe yana iya lanƙwasa bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda har ƙodar ta kumbura. Wani bincike da aka yi a karkarar Gambiya, aka wallafa a 2002 bayan an duba mata fiye da 1,000, ya sami saukowa a kashi 46 cikin 100, kuma kashi 14 ta yi tsananin da ke buƙatar tiyata.

Akwai wani abin mamaki a dangantakar larurorin biyu. Idan mafitsara ta lotso sosai, takan lanƙwasa hanyar fitsari, sai kuɓucewar da mace ke fama da ita ta tsaya, ta ɗauka ta warke, alhali lanƙwasar ce ta ɓoye ta. Ranar da aka gyara saukowar sai fitsarin ya dawo, ta ce aikin ne ya ɓata ta. Likitan da ya san aikinsa yakan tura abin ciki da hannu ko da zobe tun kafin tiyata, ya ce ta yi tari, don ya gani ya kuma faɗa mata tun da wuri.

Binciken da ke bambance waɗannan duka ba mai tsada ba ne, kuma rabinsa tambaya ce. Yaushe yake zuba, da tari ko da matsuwa ko kullum? Yaushe ya fara, kuma bayan wace haihuwa? Sau nawa take tashi a dare? Tana jin ta juye gaba ɗaya? Wane magani take sha? Akan buƙaci ta yi kwana uku tana lissafin abin da ta sha da sau nawa ta yi fitsari da sau nawa ta jiƙe, wadda ba ta rubutu kuwa ko tsakuwa ta riƙa jefawa a gwangwani ta wadatar. Sai a gwada fitsarin don neman ciwon sanyi ko jini ko suga. Sai a duba ta da mafitsara a cike, a ce ta yi tari mai ƙarfi, idan fitsari ya fito tare da tarin ya tsaya tare da shi, an gane na yunƙuri ne. A ce ta yi nishi don a ga iyakar saukowar, a sa yatsa a ce ta matse don a ji ƙarfin tsokar, sannan bayan ta yi fitsari a auna ragowar da hoton ciki ko da robar fitsari, domin ragowa mai yawa tana nuna tumbatsa.

Inda ake zargin huda, gwajin shuɗi ne ke raba gardama. Ana jera auduga a cikin farji, a zura roba a mafitsara, a ɗura ruwa mai launin shuɗi kamar na bula, a toshe robar a jira. Idan audugar ciki ta fito shuɗiya, akwai huda tsakanin mafitsara da farji. Idan ta fito jiƙe amma ruwan fari ne, to fitsarin bai biyo ta mafitsara ba ke nan, bututun ƙoda ne ya samu rauni, abin da kan faru a tiyatar ciro ɗa ko cire mahaifa, kuma irin wannan matar takan yi fitsarinta yadda ta saba amma tana jiƙe kullum. Idan kuwa audugar ciki busasshiya ce, shuɗin ta hanyar fitsari yake fitowa, babu huda, ƙofar ce ba ta riƙewa. Jini a fitsari, da zafin da ya ƙi tafiya, da jini bayan ɗaukewar al'ada, da mutuwar ƙafa ko ta tsakanin cinyoyi, waɗannan ba a jira da su, sai an tura ga ƙwararre. Gwajin na'ura mai auna matsin mafitsara kuwa an fi buƙatarsa idan lamarin ya cakuɗe ko an taɓa yin tiyata ba a dace ba.

Magani yana farawa da abin da ke hannun mace. A Amurka, wani gwaji da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa mata masu ƙiba da suka rage kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsu a wata shida sun sami raguwar jiƙewa da kashi 47, waɗanda ba su shiga shirin ba kuwa kashi 28. Maganin tari da na taurin bayan gida, da rage goro da shayi, duk suna cikin jinya. Kuskuren da kusan kowace mai wannan larura ke yi shi ne ta daina shan ruwa, musamman idan za ta biki ko kasuwa, alhali fitsari mai kauri ya fi tsokanar mafitsara, ya fi zarni, kuma a zafin ƙasarmu yana jawo ciwon sanyi da tsakuwa. Magungunan matsi da ake cusawa, na bagaruwa da makamantansu, suna tsuke fata ne na ɗan lokaci, ba sa kaiwa ga tsoka ko igiyar da ta saki, kuma wasu suna ƙona wurin. Haka ma ƙwayoyin sanyi da ake ta saye a kemis ba tare da gwaji ba.

Motsa tsokar ƙugu, wanda likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948, shi ne matakin farko ga nau'in yunƙuri da gauraye da saukowa mai sauƙi, kuma yawancin masu cewa sun gwada bai yi ba, ba daidai suka yi ba. Mace za ta matse kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ta ji abin yana hawa sama ciki, ba tare da ta riƙe numfashi ko ta haɗe cinyoyi ko ta tura ƙasa ba, ta riƙe na 'yan daƙiƙu har ta iya kaiwa goma, sannan ta saki gaba ɗaya ta huta kafin ta sake. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a jagorarta ta 2019 a yi aƙalla matsa 8 sau 3 a rana na wata 3 ƙarƙashin kulawar wanda ya iya, ga saukowa kuwa mako 16. Wadda ta ɗaura shi da zaman da take yi bayan sallar Asuba da La'asar da Isha ba za ta manta ba. Akwai kuma dabarar matsewa daf da atishawa ko ɗaga kaya, wadda amfaninta ke bayyana tun kafin tsokar ta yi ƙarfi. Ga mafitsara mai gaggawa kuwa horo ake yi mata na aƙalla mako 6: idan matsuwa ta zo a tsaya cak, a matse tsokar har ta lafa, sannan a tafi a natse, ana ƙara tazara da kamar minti 15 duk mako. Idan bai isa ba sai a ƙara da ƙwayoyi irin su oxybutynin ko solifenacin, waɗanda ke busar da baki su taurara bayan gida, kuma a tsofaffi suna iya rikita tunani, ko mirabegron wanda ba a ba mai hawan jinin da bai daidaita ba. Man shafawa na farji mai sinadarin mata yana taimakon waɗanda al'ada ta ɗauke musu.

Tambayar da ta fi damun da yawa ba ta asibiti ba ce, ta sallah ce. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna salasul bauli, wato kuɓucewar fitsari, kuma abin da ya shahara shi ne, idan zubar ta lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ta warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace sallah in babu wahala. Ana samun matan da suka bar sallah ko suka daina zuwa makarantar Islamiyya saboda rashin sanin wannan sauƙi.

Ga saukowar da ta wuce motsa tsoka, akwai zobe na roba mai laushi, kamar awarwaro ko ƙaramin gammo, wanda ake lanƙwasawa a zura ya zauna a bayan ƙashin mara ya tallafe mahaifa. Bayan an sa shi akan ce mace ta tashi ta zaga, ta yi tari, ta tsuguna, ta je ta yi fitsari, idan bai faɗo ba kuma ba ta jin sa, an sami daidai da ita. Ana iya saduwa da shi a ciki, saɓanin wani nau'in mai ƙafa kamar laimar kwaɗi da ake sa wa saukowa mai tsanani. A ganina wannan shi ne maganin da aka fi yi wa rashin adalci a asibitocinmu, domin ba ya buƙatar ɗakin tiyata ko jini ko wutar lantarki, ungozomar asibiti da aka horar tana iya sa shi, kuma ya dace da mai son ƙarin haihuwa da tsohuwar da jikinta ba zai ɗauki aiki ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, a riƙa dawowa duk wata 4 zuwa 6 a cire a duba, domin wanda aka manta shekaru yana iya cin fata har ya huda mafitsara.

Tiyata tana da hanyoyi da dama, ɗinke bangon gaba ko na baya, ɗaure bakin mahaifa ko rufin farji a jijiya mai ƙarfi ta cikin ƙugu, rataye shi a ƙashin baya ta cikin ciki, ko cire mahaifar ta ƙasa. Ga tsohuwar da ta gama da zaman aure akwai aikin rufe farji da likitan Faransa Le Fort ya bayyana a 1877, gajere ne kuma da wuya ya warware. Abu biyu ya kamata a faɗa wa mace ƙarara. Na farko, cire mahaifa shi kaɗai ba ya gyara saukowa in ba a ɗaure rufin da ya rage ba, kuma ba dole ba ne a kowane hali, maganar da ke da nauyi ga 'yar shekara 28 da ke zaune da kishiya kuma tana son haihuwa. Na biyu, abin yana iya dawowa, musamman idan an koma ɗaukar kaya ko an sake haihuwa ta ƙasa.

Ga kuɓucewar yunƙuri, aikin da John Burch ya bayyana a 1961 yana ɗaga gefen wuyan mafitsara da zare, wani kuma ana yanko tantani daga cikin macen a yi wa hanyar fitsari majanyi da shi. A tsakiyar shekarun 1990 Ulf Ulmsten na Suwidin ya kawo siririn zirin raga na roba da ake sawa ƙarƙashin hanyar, aikin ya yi sauƙi ya kuma yi nasara, sai kamfanoni suka faɗaɗa ragar suka riƙa sayar da manya don gyaran saukowa tun ba a tara hujjar amincinsu ba. Mata da dama suka dawo da ciwo mai tsanani, ragar ta ci fata ta fito, saduwa ta gagara. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2008 da 2011, sannan a Afrilun 2019 ta hana sayar da ragar da ake sawa ta farji don gyaran saukowa, Ingila kuma ta dakatar da amfani da raga ta farji tun Yulin 2018, kuma kwamitin binciken da gwamnatin ƙasar ta kafa ƙarƙashin Baroness Cumberlege ya bayyana a 2020 cewa an daɗe ba a sauraren koken matan. Hanin na Amurka bai haɗa da siririn zirin fitsari ba, amma duk wadda za a yi wa aiki, a gida ko a Indiya ko Masar, tana da haƙƙin ta tambayi ko za a bar mata roba a jiki, da wace iri.

Wurin da labarin yoyon fitsari da na kuɓucewar fitsari suke haɗewa shi ne matan da aka ɗinke wa huda. Wadda ta fara zuba bayan doguwar naƙuda, idan aka sa mata robar fitsari da wuri aka bar ta mako 4 zuwa 6, ƙaramar huda sabuwa tana iya rufewa da kanta, hanyar da Waaldijk ya yi fice wajen yaɗawa. Amma a cikin waɗanda aka yi wa aiki hudar ta rufe, akwai waɗanda ke komawa gida suna jiƙewa, domin naƙudar ta cinye zoben tsokar ko ta gajarta hanyar fitsari ko ta ƙanƙantar da mafitsara. Dangi sukan ce aikin bai yi ba, ita ma ta fid da rai. A irin wannan hali gwajin shuɗi ake sake yi, idan audugar ciki ta fito busasshiya an san ɗinkin yana nan, sai a koma ga motsa tsoka da horon mafitsara da ƙwaya, in ta kama a yi aiki na biyu na tallafe hanyar fitsari da naman jikinta, tare da sharaɗin cewa duk cikin da ta sake samu, a asibiti za ta haihu kuma ta tiyata.